Kaurin Koko

Ranar Litinin da safe Dakta Marino ya tare Nuriyya Tsoho a bakin lif, fayil a hammatarsa, ya ce mata shi kam ya gaji da jira.

"Sau biyu ke nan cikin sati uku huhunsa na kamuwa," in ji shi. "Ranar Juma'a zan tura shi a sa masa bututu a ciki. Daga nan babu abin da zai sake bi ta bakinsa."

Mutumin da yake nufi shi ne Saje Mutaru Saani, wanda ke kwance a gado na huɗu a hawa na bakwai. Mutumin Kumasi ne. Ya zo Amurka da ƙuruciyarsa, ya shiga soja, ya tuƙa motar mai a Iraƙi, inda aka tura shi har sau biyu, da ya ajiye kaki kuma ya kama tuƙin tasi. A layin direbobi na filin jirgin JFK da ke New York ciwon ya same shi, yana zaune cikin mota yana jiran fasinja. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ta ɗauke sai kalma ɗaya ɗaya, maƙogwaronsa kuma ya manta aikinsa.

Wannan na ƙarshen shi ne ya shafi Nuriyya. Shekara shida ke nan tana shugabantar sashen masu gyaran magana a asibitin tsofaffin sojoji, mutum biyar a ƙarƙashinta. Mahaifiyarta a Kano, in an tambaye ta aikin 'yarta, cewa take yi, "Koya wa sojojin Amurka magana take yi," sai a yi ta dariya. Abin da tsohuwar ba ta sani ba shi ne rabin aikin ba magana ba ce, haɗiya ce. Mutum kan sha ruwa, ruwan ya ɓace hanya, maimakon ciki ya gangara huhu. Wani ya ƙware ya yi tari, a gane. Wani kuwa ko gyaran murya ba zai yi ba, sai bayan kwana biyu zazzaɓi ya tona asiri. Saje Mutaru irin na biyun ne. Shi ya sa tun farko aka hana shi duk wani abu mai tsinkakken ruwa. Ko ruwan sha ne sai an zuba masa wani farin gari an dama ya yi kauri, don mai kauri a hankali yake sauka, maƙogwaro ya samu damar rufe hanyar iska.

An yi masa hoton haɗiya, Nuriyya da idonta ta ga mai kaurin yana bin hanyarsa lafiya lau. To me ke kai masa ciwo huhu? Dakta Marino ya ce amsar a fili take: ko mai kaurin ma yana zubowa, hoton ne bai kama ba. Ita kuwa zuciyarta ba ta kwanta ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Da aka taɓa yi wa Mutaru maganar bututun, allon rubutun da ke gefen gadonsa ya jawo da hannun hagu. Ya daɗe yana fama da alƙalami kafin ya zana harafi biyu karkatattu, A'A, ya juya fuskarsa bango. Ranar ko motsa baki bai yarda ya yi ba.

Ƙarfe tara na kowace Litinin Nuriyya ke tara mutanenta a ƙaramin ɗakin da ke kusa da ofishinta, wanda tagarsa ke kallon bangon wani ginin. Tana da wata al'ada da ta gada wurin tsohuwar shugabarta. Bayan kowa ya gama karanto abin da ke cikin fayil, sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: "Me kika gani wanda ba ki rubuta ba?" Nan ake jin cewa tsoho kaza ya daina sa haƙoransa na roba, wane kuma matarsa ba ta zo ba sati biyu. Sabbin zuwa kan ɗauka wasa ne. Sai sun daɗe suke gane cewa a nan rabin maganin yake.

Da tambayar ta zo kan Hamdatu Moro, yarinyar ta dubi takardar gabanta.

"Babu," ta ce da Turanci.

Hamdatu ita ce ƙaramar cikinsu. Wata bakwai ke nan da gama karatunta, tana shekarar gwaji, wadda sai Nuriyya ta sa hannu a ƙarshenta kafin a ba ta lasisi. A unguwar Bronx ta New York aka haife ta, iyayenta 'yan zangon Kumasi ne. Tana jin Hausa tas, amma in ta buɗe baki Turanci ke riga fitowa. Nuriyya da kanta ta ba ta Saje Mutaru, don ta lura mutumin da ba ya iya cewa komai da Turanci, in aka ce masa "Ina kwana" sai ya ce "Lafiya," in aka yi addu'a ya ce "Amin." Har yabon kanta ta yi a kan wannan dabara.

Bayan taron ta leƙa hawa na bakwai. Matar Mutaru na nan inda take kullum, kan kujerar roba, carbi a hannu, jakarta mai zanen ganye a jingine da ƙafar gado. Kowa Mma Hawawu yake ce mata. Mace ce mai jiki da murya, wadda duk Asabar da Lahadi take dama koko ta soya ƙosai, direbobin tasi da masu aikin dare su yi layi a ƙofar gidanta a Bronx. Tun da mijinta ya kwanta ta kife tukunyar.

"Likita, ka zo?" in ji ta. Hausarta ta zango ce, ba ta cika raba mace da namiji ba, kuma an gaya mata ya fi sau goma cewa Nuriyya ba likita ba ce.

"Na zo, Mma. Ya mai jiki?"

"Mai jiki ga shi nan, yana fushi da mu duka. Ku mutanen Kano dai sai tambaya, ba kwa kawo komai."

"Mu da muka ba ku Hausar, me kuma za mu kawo?"

"Kun ba mu ɗanya, mu muka dafa."

Mutaru ya ɗaga gira ɗaya, wadda ke motsi, ɓarin bakinsa ya ɗan ja. Nuriyya ta duba takardar da ke manne a kan gadon, ta duba kofin da nas ta bari. Komai daidai, kaurin daidai. Ta yi musu sallama ta fita.

Da yamma a jirgin ruwan da ke kai ta unguwarsu ta St. George ta samu wuri kusa da taga. Mutane na ta ɗaukar hoton ƙaton gunkin nan na tsakiyar ruwa mai riƙe da fitila, ita kuwa lissafin kwanaki take yi, Talata, Laraba, Alhamis. Ta tuna babanta a shekararsa ta ƙarshe, yadda ko ba ya iya cin komai sai an kawo masa kwanon tuwo ya sa yatsa ya ɗanɗana miya, ya ce gishiri ya yi yawa. Mutum in an raba shi da bakinsa an raba shi da abu mai yawa. Ta san bututu na ceton rai, ta sha ba da shawarar a sa shi. Amma ba ta taɓa ba da ita a kan abin da ba ta gane ba.

Washegari ƙarfe bakwai da rabi ta tarar da Hamdatu tsaye a ƙofar ofishinta, jaka a kafaɗa, ko rigar aiki ba ta sa ba. Idanunta sun yi ja.

"Anti, ina da magana."

A wurin aiki ba ta ce mata Anti. Nuriyya ta buɗe ƙofa, ta nuna mata kujera. Yarinyar ba ta zauna ba.

"Jiya kin tambaye ni, na ce babu. Akwai." Ta fara da Hausa, sai harshen ya ƙi, ta koma Turanci. "Mma tana ba shi ruwa. Kullum da safe in ta iso, kafin nas ta shigo. Zamzam ne, ƙanenta ya kawo mata daga Makka, ta kai wa malaminsu ya yi tofi a ciki, ta sa zuma. Cikin ƙaramin kofi guda. Yana kwance take ɗago kansa ta ba shi."

Nuriyya ta ajiye makullinta a kan tebur a hankali.

"Tun yaushe kika sani?"

"Sati biyu da kwana uku."

"Kin rubuta?"

"A'a."

"Kin gaya wa nas?"

"A'a."

"Ita Mma fa, kin ce mata wani abu?"

"Na fara." Hamdatu ta matse madaurin jakarta. "Na ce, Mma, ruwan nan... sai ta ce, Hamdatu, wannan ba ruwa ba ne, magani ne. Ta ce ranar sunana ita ta riƙe ni aka yi mini aski. Ita da mamata ɗaki ɗaya suka zauna da suka zo ƙasar nan. Anti, ban taɓa ce mata a'a ba tun da aka haife ni. Kuma ba ya tari in ya sha. Sai na ce wa kaina ai kaɗan ne."

"Ba ya tari," Nuriyya ta maimaita. "Ke kika tsaya kusa da ni ranar hoton. Me muka gani?"

"Ba ya tari ko ya sauka huhu."

Fushi ya taso wa Nuriyya har wuya. Maganganu suka jeru a bakinta: mutum ya kwana biyar da zazzaɓi, saura kwana uku a huda masa ciki, duk saboda wata ta ji kunyar ƙawar uwarta. Ta buɗe baki za ta fara, sai wani abu ya faɗo mata a rai, ta rufe.

Kwalbar. Ƙaramar kwalba ce naɗe da farin ƙyalle, bakinta na leƙowa daga jakar nan mai zanen ganye. Ta gan ta. Ba sau ɗaya ba, jiya ma ta gan ta, lokacin da suke wasan Kano da zango. Ta san abin da ake naɗewa da farin ƙyalle a kai wa mara lafiya, ai a gidansu ma akwai irinta a saman kwaba. Da Bature ne ko baƙar fatar Amurka ta ga kwalba a gefen gadonsa, da nan take ta tambaya, ta yi murmushi ta ƙwace. Amma wannan ta gan ta, idonta ya zame, ta ce a ranta ta shafawa ce, don ba ta son ta zama wadda za ta tsaya tsakanin mace da addu'ar mijinta. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

"Zauna," ta ce. Wannan karon Hamdatu ta zauna. "Me ya sa kika zo yau?"

"Na ji maganar Juma'a. Jiya ban runtsa ba. Na san wataƙila ba za ki sa mini hannu ba a ƙarshen shekara. Amma cikin Baaba ne za a huda."

Nuriyya ta dubi agogo. Takwas saura kwata.

"Maganar hannu sai wani lokacin. Ƙarfe nawa take isowa?"

"Takwas."

"Sa rigarki. Ɗauko hoton haɗiyarsa a kwamfutar hannu, da gwangwanin gari da cokali. Ke za ki yi magana, ina bayanki."

"Ni?"

"Mara lafiyarki ne."

Sun iske Mma Hawawu ta riga ta warware ƙyallen, kwalbar na kan cinyarta, ƙaramin kofin azurfa a hannunta. Da ta gan su tare ba ta ɓoye ba. Ta dubi Hamdatu tun daga sama har ƙasa.

"To. An kai ƙara ke nan."

Hamdatu ta durƙusa a gaban kujerar kamar yadda za ta yi a gida, farar rigarta na share ƙasa. Da Hausa ta yi maganar, tana tuntuɓe tana tashi.

"Mma, ki yi haƙuri. Ruwan nan ba ya zuwa cikin Baaba. Huhunsa yake zuwa. Shi ke kawo zazzaɓin. Na sani tun tuni ban faɗa ba, laifina ne. In bai tsaya ba, ranar Juma'a za su huda cikinsa."

"Zamzam ne ke kawo zazzaɓi?" Mma Hawawu ta juyo wurin Nuriyya. "Likita, ku ji 'yar da na goya. Boko ya kai ta inda za ta ce ruwan Allah cuta ne. Ku ma Musulmi ne, ku faɗa mata."

"Ruwan ba shi da laifi, Mma," in ji Nuriyya. "Hanyar ce ta lalace. Amma kada ki yarda da bakinmu. Ki duba da idonki."

Hamdatu ta ɗora kwamfutar a gefen gado ta kunna. Hoton baƙi da fari ne, ga ƙashin muƙamuƙi, ga jerin ƙasusuwan wuya, ga wani haƙori guda mai haske.

"Haƙorin Makkansa ne wannan," in ji Mma Hawawu, ta matso. "Shi ne kuwa."

Hamdatu ta sa yatsa ta nuna mata hanyoyi biyu, ta baya ta abinci, ta gaba ta numfashi. Aka ga wani baƙin dunƙule ya taho a hankali, ya bi ta baya ya wuce. Wannan mai kauri ne. Sannan aka ga tsinkakke ya kwararo da gudu, ya rabu biyu, wani siririn zare ya zurara ta gaba ya ɓace ƙasa. Mutumin cikin hoton ko motsi bai yi ba.

"Sake," in ji Mma Hawawu.

Aka sake. Sau uku ta sa aka sake. Daga nan ta koma ta zauna, kofin a hannunta, ta dubi mijinta. Mutaru ma ita yake kallo.

"Kwana goma sha tara ina ba shi," ta ce, ba da kowa take ba. "Da hannuna."

Nuriyya ta ja ɗayar kujerar ta zauna kusa da ita, ta ce mata ita ma ta ga kwalbar tun sati biyu ba ta tambaya ba, saboda haka in rabon laifi za a yi, a fara da babba. Mma Hawawu ta share ido da gefen mayafinta, ta fara naɗe kwalbar.

"Shi ke nan. Na mayar gida."

Nuriyya ta ga yadda idon Mutaru ya bi kwalbar. Ta gane cewa a duk abin da ake ɗura masa a asibitin nan, wannan kofin kaɗai yake jira.

"Ba mu ce ki mayar ba, Mma. Ina da tambaya. In za ki dama koko na wanda zai sha da kofi, da na jaririn da za a ba da cokali, ɗaya kike yi?"

Matar ta dube ta kamar an zage ta. "Ina za su zama ɗaya? Na kofi in ka ɗaga ludayi zuba yake kamar zare. Na yaro kuwa sai ya tsaya ya yi tunani kafin ya sauka."

"To wanda ke tsayawa ya yi tunanin shi maƙogwaron Saje ke iya riƙewa."

Hamdatu ta miƙa gwangwanin. Mma Hawawu ta buɗe, ta shinshina, ta murza garin tsakanin yatsu biyu.

"Wannan ai sitaci ne."

"Kusan haka."

"A zuba sitaci cikin zamzam?" Nuriyya ta bar mata zaɓin, don wannan ba hukuncin asibiti ba ne. Can sai matar ta yi wata 'yar dariya ta hanci. "Ni da nake ƙara masa ruwan famfo don kada ya ƙare. Malam ya ce ko ɗigo ne ya shiga tulu, albarkar ta game tulun. In bai ƙi ruwan New York ba, ba zai ƙi sitaci ba."

Ta karɓi cokalin. Hamdatu ta fara karanto mata awon da ke jikin gwangwanin, Mma Hawawu ta ɗaga mata hannu. Ta barbaɗa, ta juya, ta jira, ta ƙara kaɗan, ta ɗaga cokalin sama ta karkata. Abin ya taru a bakin cokali, ya tsaya, sannan ya sauka. Nuriyya ta karɓa ta gwada da nata idon. Shekara goma sha takwas tana wannan aiki, ba ta taɓa ganin wanda ya dace da kaurin a karon farko ba tare da gudaji ko ɗaya ba.

Hamdatu ta ɗaga kan gadon har Mutaru ya zauna sosai, ta sa ya sunkuyar da haɓarsa, ta ɗora yatsu biyu a maƙogwaronsa. Matarsa ta yi bisimilla ta ba shi rabin cokali. Maƙogwaron ya hau ya sauka.

"Ce ah, Baaba."

"Ah," in ji Mutaru. Muryar a bushe take, babu gargarar ruwa.

Kafin azahar su biyun suka je wurin Dakta Marino. Hamdatu ta faɗi abin da ya faru ba ta rage komai ba. Ita ta rubuta rahoton kuskuren da hannunta, Nuriyya ta ƙara layi biyu a ƙasa, cewa shugabar sashe ma ta ga kwalbar ba ta bincika ba, ta sa hannu. Likitan ya karanta, ya cire tabarau ya murza ido. Ya yi faɗa, kuma yana da gaskiya, suka tsaya suka sha. Da ya gama Nuriyya ta roƙe shi kwana goma.

"In zazzaɓi ya dawo ko sau ɗaya fa?"

"Ni da kaina zan tura gadon zuwa ɗakin tiyata."

"Kwana goma," in ji shi. "A sake hoton a ƙarshensu."

Kwanakin nan goma Nuriyya ba ta taɓa jin tsawon irinsu ba. Kowace safiya tun tana cikin jirgin ruwa take duba wayarta ko nas ta aiko da wani abu. Ba ta karɓe Mutaru daga hannun Hamdatu ba, ko da yake ɗaya daga cikin manyan ma'aikatanta ta ba ta shawarar haka. Abin da ta yi shi ne kullum ƙarfe takwas tana tsaye a bakin ƙofa, tana kallon yarinyar tana wanke masa baki, tana sa shi atisayen harshe, tana faɗa wa Mma Hawawu "Bai kai ba, ƙara jira" ba tare da ta sunkuyar da kai ba. A kwana na huɗu awon zafin jikinsa ya ɗan ɗaga da yamma, amma da safe ya sauka. A kwana na shida ta ji Mma Hawawu tana koya wa wata nas 'yar Jamaika yadda ake juya cokali don kada gari ya dunƙule, rabi da Turanci rabi da hannu.

Ranar hoton Dakta Marino da kansa ya sauko ya tsaya a bayansu. Mai kauri ya wuce. Abinci mai laushi ya wuce. Har wanda bai kai kaurin da ba, irin na kofi, ya wuce sau uku ba tare da zaren nan ya bayyana ba. Tsinkakken ruwa ne kawai har yanzu da saura. Likitan ya dubi hoton ƙirjin da aka ɗauka da safe, ya ja layi a kan maganar bututun cikin fayil.

"Ku ci gaba da abin da kuke yi," ya ce, ya fita.

Hamdatu ta jingina da bango ta rufe fuska da hannu biyu. Nuriyya ta ce alhamdu lillahi a hankali, ta sake faɗa, sannan ta tuna akwai wani tsohon sojan ruwa da ke jiranta a hawa na biyar.

Litinin ta gaba Mma Hawawu ta iso da fulas biyu da ƙullin ƙosai a takarda. Ɗaya fulas ɗin na mutanen sashen ne. Ɗayan ƙarami ne, na mijinta, an tace shi sau biyu, kuma sai da Hamdatu ta ɗaga cokali ta gwada kafin ta ce to.

"Kun gani?" in ji Mma Hawawu. "Shekara talatin ina dama koko, yau 'yar da na yi wa wanka ke duba mini aiki." Ta kamo hannun yarinyar ta riƙe, ba ta sake shi ba. "Allah ya yi miki albarka. Da kin ci gaba da jin kunyata, da na kashe mijina da ƙauna."

Mutaru ya sha cokali uku. Ya lumshe ido, ya juya abin a bakinsa, sannan ya fara haɗa wata kalma. Suka zuba masa ido suna jira. Nuriyya ta ɗauka godiya zai yi.

"Ba... yaji," in ji shi.

"Ji mutum," in ji matarsa. "Wata biyu bai yi mini magana ba, da ya buɗe baki sai ƙorafi."

Ƙarfe tara suka taru a ƙaramin ɗakin, kowa da kofin koko a gabansa, waɗanda ba su saba ba suna hura hanci saboda citta. Aka karanto fayiloli. Da aka zo wurin tambayar, ma'aikatan suka gyara zama suna jiran a fara daga dama kamar kullum. Nuriyya ta ajiye alƙalaminta.

"Daga yau ni zan riƙa farawa," ta ce. "Sati huɗu da suka wuce na ga wata kwalba a hawa na bakwai."

Ta ba su labarin duka. Da ta gama ta juya wurin Hamdatu, wadda ke zaune a ƙarshen tebur.

"Ke fa? Me kika gani wanda ba ki rubuta ba?"

Hamdatu ta buɗe ƙaramin littafinta. Ta riga ta cika shafi guda da abubuwan da ba su shiga fayil ba.